Garin Riƙe Ruwa: Mu Gwada Kafin Mu Yaba

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu, in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu malamai a kan wani abu da ya fara shiga bakin manoma da masu lambu, wanda kuma na tabbata ba da daɗewa ba za a riƙa tare mu da tambaya a kansa a duk garin da aka tura mu koyarwa. Abin nan kuwa wani gari ne, in ka gan shi sai ka ce sukari ne ko gishiri, amma in an zuba masa ruwa sai ya sha ya kumbura, ya zama kamar kafa, watau agidi, ya riƙe ruwan nan ya hana shi tsiyayewa. Ana cuɗa shi da ƙasa a gindin shuka, don in ruwan sama ya ɗauke ko mai ban ruwa ya makara, saiwa ta sami abin tsotsa. Masana suna ce da shi haidirojel. Da yake sunan yana da nauyi a harshe, ni zan riƙa ce da shi garin riƙe ruwa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne wannan. In har za a zuba irin wannan abu cikin ƙasar da muke ci daga gare ta, to, a zuba wanda aka yi da tsiro ko da ciyawar teku, wanda zai gama aikinsa ya ruɓe ya koma ƙasa. Amma ko shi ɗin ma, kada ɗayanmu ya buɗe baki ya yabe shi gaban manomi sai mun gwada shi da hannunmu a gonar kwaleji, mun auna, mun rubuta.

Wani zai ce, ina ruwan mai koyon aikin malanta da wannan? Ruwansa kuwa babba ne. Kowa ya san matsayin malamin makaranta a ƙauye. Shi ake kawo wa takarda ya karanta, shi ake nuna wa buhun magani a ce ya duba abin da aka rubuta a jiki. In ya ce abu yana da kyau, mutum yana iya sayar da akuyarsa ya saya. In abin ya ƙi, ba mai waiwayar ɗan kasuwan da ya riga ya tafi, malam za a tuna, kuma gobe in ya ce a kawo yara makaranta, maganarsa ta rage nauyi. Saboda haka wajibi ne mu san abin nan, saninsa na gaskiya.

Bari mu fara da yadda yake aiki, domin ba wani sihiri a ciki, kuma iyayenmu mata sun daɗe suna ganin irinsa a madafa. Ku dubi kamu sa'ad da aka kwara masa tafasasshen ruwa, yadda yake kauri ya zama koko. Ku dubi yauƙin kuɓewa da karkashi da lalo, ku dubi romon ƙafar saniya in ya kwana cikin sanyin hunturu, yadda yake daskarewa har a yanka shi da cokali. Dalilin duk wannan guda ne. A cikin abubuwan nan akwai waɗansu dogayen zaruruwa, ƙanana ƙwarai yadda ido ba ya ganinsu, masu son ruwa. In zaruruwan a sake suke, kowane yana harkarsa, sai su narke cikin ruwa su bi shi, kamar yadda ƙaro ke narkewa cikin tawada. In kuwa aka ƙulla su da juna nan da can, suka zama kamar komar masunta, to, ba su da halin narkewa, sai dai su buɗe su kumbura, ruwa ya maƙale a idanun komar. Da ƙasa ta fara bushewa, sai saiwa ta riƙa jan ruwan nan kaɗan kaɗan. In aka sake yin ruwa, komar ta sake cika. Duk gwanintar masu yin garin riƙe ruwa tana wajen zaɓen zaren da kuma yawan ƙullin. Ƙulli ya yi kaɗan, abu ya narke. Ƙulli ya yi yawa, abu ya ƙi shan ruwa.

Ciyawar teku tana cikin abubuwan da aka fara samun irin wannan zare mai kyau daga gare su. Mutanen Japan sun fi shekara ɗari uku suna dafa wata jar ciyawar teku suna fitar da abin da ake kira aga, suna yin abinci da shi. A wajen 1881 wata mace mai suna Fanny Hesse, wadda mijinta ke aiki tare da shahararren likitan nan na Jamus, Robert Koch, ta ba da shawara a riƙa renon ƙwayoyin cuta a kan aga, domin ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85. Har gobe da shi ake wannan aiki a ɗakunan gwaji na asibitocin duniya, har da namu. A 1881 ɗin nan kuma wani masani ɗan Birtaniya, E. C. C. Stanford, ya fitar da wani zaren daga ciyawar teku mai ruwan ƙasa, wanda ake kira aljinet. Kada sunan ya tsorata kowa, ba abin da ya haɗa shi da aljannu. Abin mamakinsa shi ne, in ka narkar da shi, ka ɗiga shi cikin ruwan da ke da sinadarin kalsiyam, watau irin wanda ke cikin alli da ƙashi, nan take sai kowane ɗigo ya dunƙule ya zama kamar ƙwan kifi, domin kalsiyam ɗin ya ƙulla zaruruwan. Da aljinet ake yin wani irin bandeji da ke shanye ruwan gyambo, ya yi laushi, a cire shi ba tare da an fama ciwon ba. Da shi likitan haƙori ke ɗaukar siffar bakin mutum, yana kuma cikin maganin ƙwannafi da ake kira Gaviscon.

Shigar abin cikin harkar gona ta biyo wata hanya. A farkon shekarun 1970, masu bincike na Ma'aikatar Gona ta Amurka a birnin Peoria suka ɗaura wani sinadari da ake samu daga man fetur a jikin sitacin masara, suka sami gari mai shan ruwa ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa. Daga baya masu masana'antu suka ga ai in an bar sitacin gaba ɗaya, an yi da sinadarin man fetur zalla, abin ya fi araha, ya fi kuma daɗewa. Irin wannan ne ke cikin famfas ɗin jarirai tun shekarun 1980, kuma danginsa ne mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan garin riƙe ruwa na gona. Ba na musun ƙarfinsa. A cikin tataccen ruwa yakan sha ninkin nauyinsa sau ɗari biyu, sau ɗari uku, har fiye.

To, in haka ne, me ya sa na ce a fifita na tsiro? Dalilina na farko shi ne gona ba bola ba ce. Famfas in an gama da shi akan kwashe a kai wani wuri. Abin da aka cuɗa da ƙasar gona kuwa ba mai iya tsince shi. A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu bila adadin waɗanda aikinsu ke nan su cinye ganye da kara da kashin dabbobi su mai da su taki. Sun san sitaci, sun san zaren auduga da na kara, sun san ƙaro, domin tun fil azal abincinsu ne. Zaren da aka ƙera daga man fetur kuwa baƙo ne gare su, cinsa yana yi musu wuya ainun, sai ya daɗe a ƙasa yana kakkaryewa sannu sannu. Bana a zuba, baɗi a ƙara, gonar kuwa gado ce, ɗa zai karɓa daga uba. Mun riga mun ga abin da leda ta yi wa gonakin bayan gari da magudanan ruwa da tumbin awaki, alhali sa'ad da ta shigo kowa murna ya yi da ita. In muka yi maganin ƙishin shuka da abin da zai zauna a ƙasa bayan mun tafi, ai tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Turawan da suka ƙago abin ma sun fara ja da baya. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa doka ta taƙaita sayar da ɓurɓushin roba da ake zuba wa kaya da gangan, ta ba masu sana'a wa'adin shekaru su sake hanya, amma ta tsame zaruruwan da halitta ta samar waɗanda ba a jirkita su ba, da waɗanda aka tabbatar suna ruɓewa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Dalilina na biyu shi ne kayan haɗin na tsiro a ƙofar gidanmu suke. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo, wajen tan miliyan 60 a shekara, kuma duk wanda ya taɓa wucewa ta inda ake suyar garin kwaki ya ga tulin ɓawo yana tsami a rana, alhali akwai sauran sitaci a jikinsa. Ga totuwar masara, ga ƙaiƙayin shinkafa, ga tuƙar rake, ga ɓawon lemo, dukansu cike da zaren da masana ke kira selulos, wanda shi ne kusan dukan jikin auduga. A 2008 waɗansu masana na Jami'ar Salento a Italiya sun nuna cewa in an sarrafa selulos yadda zai narke, ana iya ƙulla shi da sinadarin tsamin da ke cikin lemun tsami, a gasa shi da ɗan zafi, a sami abu mai shan ruwa sosai ba tare da an sa guba ba. Ga kuma ƙaro na dakwara, wanda Sudan da Chadi da Nijeriya ke kan gaba wajen fitar da shi, ana tsintarsa a Jigawa da Yobe da Borno.

Hatta ciyawar teku ba ta fi ƙarfinmu ba. Tun 2011 wata ciyawa mai ruwan ƙasa da ake kira sagasum ta riƙa yaɗuwa a tekun Atlantika, igiyar ruwa tana jibge ta a gaɓar ƙasashen Karibiyan da ta Afirka ta Yamma, har da wajen Legas da Ondo, tana cika tarun masunta, tana ruɓewa tana wari. Akwai aljinet a cikinta. Sai dai tana ɗauke da gishiri, takan kuma tara wata guba da ake kira arsenik, saboda haka ba a kwasarta haka nan a watsa a gona, sai an tace. Mu dubi kuma Zanzibar, inda aka fara noman jar ciyawar teku don sayarwa a 1989. Yawancin manoman mata ne, suna ɗaura ta a igiya cikin ruwa marar zurfi, bayan kamar mako shida su girbe su shanya. Amma mafi yawanta a bushe ake fita da ita, a can waje ake tace ta a sami riba mai tsoka. Haka muke yi da ƙaronmu. Muddin ba mu koyi sarrafa abin da ke hannunmu ba, za mu yi ta sayar da shi a buhu da araha, muna sayo shi a kwalba da tsada. Wa zai koya wa yara wannan tunani in ba mu ba?

Yanzu sai in juyo ga abin da masu talla ba su cika faɗa ba, domin wanda ya ɓoye aibin abin da yake so, ba ƙaunarsa yake yi ba.

Na farko, lissafin nan na ninki ɗari uku a cikin tataccen ruwa ake samunsa, a cikin kwalba. Gishiri kowane iri ne yana hana komar buɗewa. A ruwa mai ɗan gishiri kamar fitsarin jariri, garin da ya sha ninki ɗari uku sai ya komo wajen talatin zuwa hamsin. Ruwan rijiya mai kanwa, da takin zamani in ya narke, su ma suna rage masa ƙarfi, ga kuma nauyin ƙasa da ke danne shi. Na tsiro zalla kuwa sau da yawa bai kai na man fetur sha ba tun farko.

Na biyu, mu ɗauki alli mu yi lissafi irin na ajin firamare. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Indiya da ke Niyu Delhi ta fitar da nata garin, mai suna Pusa Hydrogel, wanda aka gina a kan selulos aka haɗa da sinadarin masana'anta. An ce yana shan ninki 350, ana kuma ba da shawara a zuba kilo 2.5 a kowace hekta. To, 2.5 sau 350 ya ba mu lita 875, watau ganga huɗu da 'yan kai, in ganga tana cin lita 200. Ruwan sama kuwa in ya sauka milimita ɗaya tak a kan hekta guda, lita 10,000 ke nan. Masara in ta girma, a rana mai zafi takan buƙaci kamar milimita 5, watau lita 50,000, ganga 250 a yini ɗaya. Ashe duk abin da garin nan zai riƙe a cika guda bai kai kashi 2 cikin 100 na abin da gonar za ta sha a yini ba. Masu kare shi za su ce ai yana sake cika duk sa'ad da aka yi ruwa, kuma a daidai bakin saiwa yake, yana kuma sassauta ƙasa. Gaskiya ne, na yarda. Amma duk wanda ya ce da manomi wannan gari zai tsare masa gonar masara daga fari na wata guda, ko dai bai yi lissafi ba, ko kuwa yana fatan manomin ba zai yi ba.

Ina amfaninsa ke nan? Amfaninsa yana inda saiwa take ƙarama, ruwa kuma a ka ake ɗauko shi. Ina nufin wurin renon iri, da ledar dashe, da ramin ɗan itacen da aka dasa jiya, musamman a ƙasa mai rairayi, wadda ruwa ke zurarewa ta cikinta kamar rariya. A ce ka sa giram 5 a ramin dashen mangwaro, a ce kuma a cikin ƙasa ninki 100 kawai ya sha, ka ga rabin lita ke nan a ajiye a gindinsa. Rabin lita ba komai ba ne ga gonar masara, amma ga ɗan dashe mai ganye shida, yana iya zama abin da zai kai shi ranar da mai ban ruwa zai dawo. A ƙasar laka ko fadama kuwa, wadda da ma tana riƙe ruwa, asarar kuɗi ce kurum.

A nan ne ma na ga na tsiro ya dace ƙwarai. Kowa ya san yadda ake bikin dashen itatuwa da damina, a yi jawabi a ɗauki hoto, rani na zuwa a tarar da sanduna. Shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda kuma ya shafi jihohi 11 na arewacin ƙasar nan, nasararsa tana ga yawan itatuwan da suka tsallake ranin farko. Itace in saiwarsa ta nutsa ƙasa ba ya sauran buƙatar taimako. Abin da ake so shi ne mai reno wanda zai riƙe yaro har ya tashi, sa'an nan ya sallame shi. Garin da zai yi aikin 'yan watanni ya ruɓe, shi ne daidai wannan aiki.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ne aibi na uku. Abin da ke ruɓewa yana iya ruɓewa tun ba a gama da shi ba. Ƙasarmu tana da zafi, ga gara, ga ƙananan halittu masu aiki ba dare ba rana. Garin da ya yi wata shida a ƙasar sanyi yana iya ƙarewa da wuri a tamu. A kudu, inda ake ɗan ɗauke ruwa wajen watan Agusta, garin da ya yi 'yan makonni zai wadatar. A arewa mai nisa, inda rani ke kai wata bakwai ko fiye, labari ya sha bamban. Ba wata takardar talla da za ta gaya mana kwana nawa zai yi a ƙasarmu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na huɗu, a yi hattara da rubutun jikin buhu. Sau da yawa akan rubuta cewa an yi abu da sitaci, alhali sitacin gindi ne kawai, an ɗaura masa zaren man fetur, kamar irin na farko da aka yi a Amurka. Irin wannan, sitacin zai ruɓe da wuri, sauran ya daɗe. Malami ya kamata ya iya tambayar mai sayarwa: kashi nawa ne tsiro, da me aka ƙulla shi, wa ya gwada ruɓewarsa, a cikin wace irin ƙasa? In ya kasa amsawa, cinikin biri a sama ne, a bar shi. Haka nan ban goyi bayan a ɗebi rogon da mutane za su ci a yi garin riƙe ruwa da shi ba. A yi da ɓawo da totuwa da sauran abin da ake zubarwa.

Na biyar, kada sabon abu ya sa mu raina na da. Takin gargajiya da ruɓaɓɓen ganye su ma suna riƙe ruwa, suna kuma ciyar da shuka, ba a kuwa sayensu da kuɗin waje. Marigayi Yacouba Sawadogo, manomin nan na Burkina Faso da ya rasu a 2023, da 'yan ramuka ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Yakan haƙa su da rani ya zuba taki a ciki, gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru ya nutse a wurin. A can ana ce da ramukan zai, a Nijar kuwa tassa. Duk garin da bai fi kwandon taki amfani ba, in an dubi kuɗinsa, bai cancanci a kawo shi ƙauye ba.

Saboda haka ga shawarata ga Shugaban Kwaleji da malamanmu na aikin gona da na kimiyya. A ba mu ɗan gefe a gonar kwaleji, da ledar dashe 40. A cika su da ƙasa iri ɗaya, a raba su kashi huɗu, goma goma. Kashi na farko ƙasa zalla, na biyu da takin gargajiya, na uku da garin man fetur, na huɗu da garin tsiro. A dasa tumatir ko barkono masu kwana ɗaya, a riƙa ba su ruwa da gwangwani guda, kowa daidai da kowa. In sun kama, a yanke musu ruwa rana ɗaya, a riƙa ɗora kowace leda a sikeli da safe, a rubuta ranar da kowace shuka ta fara yaushi. A gefe guda a auna giram ɗaya na kowane gari a jiƙa shi a ruwan sama, da ruwan rijiya, da ruwan da aka narkar da takin zamani, a ga bambanci. Sa'an nan a ƙulla kaɗan a 'yan ƙyallayen gidan sauro a binne, a riƙa tono ɗaya kowane wata a ga abin da ya rage. A ƙarshe a yi lissafin kuɗi, nawa aka kashe a kan kowace shuka da ta rayu.

Aikin nan ba na sashe ɗaya ba ne. Masu kimiyya su gwada haɗa namu na gida daga ɓawon rogo ko na lemo. Masu lissafi su tsara alƙaluma. Mu kuma na sashen Hausa mu nema wa abubuwan nan sunayen da tsohuwa za ta gane, mu rubuta sakamakon a takarda guda wadda za a iya karanta wa manoma a dandali. Abin da aka samu a buga shi a mujallar nan yadda yake, ko ya yi wa ra'ayina daɗi ko bai yi ba. In taki ya ci, mu ce taki ya ci. A kuma kiyaye abu biyu. A jiƙa garin kafin a sa shi a rami, domin in an sa shi a bushe yakan kumbura ya turo dashen waje. Sa'an nan a ajiye shi nesa da yara ƙanana, domin in yaro ya haɗiye busasshen ƙwayarsa tana iya kumbura ta toshe masa hanji.

Kada wani ya ce wannan ya fi ƙarfin 'yan makaranta. A 2016, lokacin da fari ya addabi Afirka ta Kudu, wata yarinya 'yar shekara 16 a birnin Johannesburg, mai suna Kiara Nirghin, ta haɗa irin wannan abu da ɓawon lemo da na fiya, ta dafa, ta shanya a rana, ta gwada, har ta ci babbar kyautar gasar kimiyya ta Google ta wannan shekara. Ba ta fi yaran da za a danƙa mana ƙwaƙwalwa ba. Abin da ta samu shi ne an koya mata ta yi tambaya, ta auna, ta rubuta. Yaron da ya ga malaminsa ya ɗiga aljinet cikin ruwa ya zama ƙwallo a gaban idonsa, ya kuma ga an ɗora leda a sikeli kwana ashirin ana rubutawa, ya koyi abin da ya fi garin riƙe ruwa daraja, watau kada ya gaskata magana don kawai an buga ta a jikin buhu. Wannan darasi zai bi shi har kasuwa, har asibiti, har rumfar zaɓe.

'Yan'uwa, damina ba ta jiran kowa. In za a yi, yanzu ne lokacin tara leda da neman iri. Ina fata waɗanda suka fi ni sani a cikin malamai da ɗalibai za su amsa mini a fitowa ta gaba, ko da goyon baya ko da suka, domin gani ya kori ji, kuma gara mu yi gardamar a nan gida da mu je mu yi ta a gonar talaka. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu zama malaman da za a dogara da maganarsu.